Turmin Tsimin Kawu

Allah da ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Laraba bayan azahar, a ɗakinsa da ke Kashin Zama. Nasa ne mu duka, can kuma za mu iske Kawu. Wannan ba ni da ja a kai. Abin da nake da ja a kansa shi ne irin gaisuwar da anka yi mana.

Kwana bakwai na yi kan tabarmar makoki. Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Daga Jega sun zo, daga Aliero da Jiga Birni sun zo, har mota guda ta taso daga Maiyama cike da tsofaffi. Kowa ya ce ya haƙuri, kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Amma da an shafa, sai mutum ya ja gindi ya matso kusa da ni, ya rage murya kamar mai cinikin kayan sata, ya ce, "To, abin nan fa? An dai zubar ko?" Wani mahauci na Jega ya tambaye ni haka. Wani tsohon direban babbar mota ya tambaye ni haka. Wani kuma da anka ba shi addu'a ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ya yafe wa mamacin abin da ya bayyana da abin da ya ɓoye cikin ɗaki, ya kuma ja kalmar ɗakin nan har sai da kowa ya gane. Anka ce amin. Ni ban ce ba.

Abin nan da suke nufi turmi ne. Turmin ƙirya mai zurfi, tsawonsa ya kai ƙuguna, da marfin katako da anka liƙe da yumɓu. Tsimi ne a ciki, wato ruwan sassaƙen itatuwa da ake dafawa a ajiye don ciwon baya da basir da kasala. Shekara tara yana tsaye a kusurwar ɗakin Kawu, saura ɗaya ya cika goman da Kawu ya yanka masa. Babban ɗansa yana son a zubar da shi kafin a watse sadakar bakwai, ni kuma ina son a bar shi ya cika. Rigimar ke nan, kuma wanda ya jawo ta shi ne mai wannan rubutu.

Ni ɗan yayar marigayin ne. Aji uku na yi a firamare, biyu daga ciki ta taga na yi su, don malamin ya fi son ganina a waje. Sana'ata ɗinke bakin buhun albasa a kasuwar Aliero, kuma bakin buhu kaɗai na iya ɗinkewa, nawa ya gagare ni har na yi furfura. Wanda ya ga rubutun nan kamar sawun kaji kan taɓo ya yi haƙuri. Masu ilimin gidan sun yi shiru, shi ya sa na ɗauki biro.

Kawu manomin albasa ne kamar kowa. Tsimi ba sana'arsa ba ce, bai taɓa zama da shi a kasuwa ba. Wanda ya zo da galan a zuba masa, wanda ya zo hannu sake a ba shi cikin ƙwarya ya sha ya tafi. Masu ɗorin karaya na Aliero ma kan turo masa waɗanda ƙashinsu ya haɗe amma jikin bai dawo ba. Inda ya bambanta da sauran masu tsimi shi ne ajiya. Su sukan dafa yau su sayar jibi. Shi yakan sa masassaƙi ya fafe masa ƙirya, ya zuba garwashi a ciki har cikin ya yi baƙi, ya kankare, sannan ya zuba ruwan sassaƙen madaci da marke da karan dafi da kanwa, ya liƙe. Sau ɗaya a shekara yake buɗewa, idan an cire albasa an jera ta a rudu, wato rumfar ajiyarta. Ya ɗanɗana, ya sake tafasawa, ya mayar.

Ranar ɗanɗanon nan sai ka ce ranar shari'a. Tun da safe ba ya cin goro, ba ya cin yaji, shi da goro ba ya barin bakinsa. Ya kurkure baki da ruwan randa sau uku. Ya ɗebo da ludayi ya zuba cikin wani farin kwano da ba a cin komi a cikinsa, ya kai bakin ƙofa ya karkata shi wajen haske yana duban launin. Ya sa hanci ya daɗe. Sai ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya rufe ido. Ko ya haɗiye ba ya magana. In na buɗe baki sai ya ɗaga mini yatsa. "Yi shiru, bai gama faɗin abin da ke bakinshi ba." Can sai ya yanke hukunci. A kan wani turmin ya ce, "Wanga yaro ne, har yanzu shina cizo, a ba shi damina biyu." A kan wani kuma ya ce, "Wanga ya kai. In anka ƙara mishi shekara zai kwanta, ba ya tashi." Ban taɓa ganin ya yi kuskure ba. Na gwada shi sau ɗaya, na musanya masa kwano da na wani turmi, ya kurɓa ya dube ni ya ce, "Uwarka ta yi haƙuri da kai."

Doka ɗaya gare shi da ba ya ɗagawa: zaƙi ba ya shiga turmin ajiya. Ba zuma, ba mazarƙwaila, ba dabino. Mai son zaƙi ya sa a ƙwaryarsa lokacin sha. Yakan ce zaƙi in ya kwana cikin duhu tashi yake yi ya zama abin da Allah ya hana. Na san dokar nan da jikina. Ina da wajen shekara talatin na saci jiki na buɗe wani turmi ɗan shekara biyu, na sha na ji ɗaci, na ce bari in taimaki tsoho, na jefa masa curin mazarƙwaila uku na mayar da marfi. Bayan kwana goma marfin ya fara tsartuwa. Kawu ya shinshina sau ɗaya, ya kira ni, ya sa na ɗauki turmin a kaina har bayan gari, ya sa na tuntsurar da shi da hannuna, sannan ya fasa turmin da gatari ya ce itacen ma ya koyi mugun hali. Damina guda bai amsa gaisuwata ba. In na ce Kawu ina kwana, sai ya tambayi na kusa da shi ko ya ji wani abu ya yi motsi. Mutumin da ya yi wannan shi ne yau ake roƙa wa gafarar abin da ya ɓoye cikin ɗaki.

Shi ne kuma da buhuna sunka zubo mini a baya daga kan mota, na kwanta a Jega ba na iya juyawa, ya fasa liƙin wani turmi da saura wata huɗu ya cika, abin da bai taɓa yi ba ko don kansa. Kowane kwana biyu sai ga shi kan keke, galan ɗaure a baya. Ba ya ce mini sannu. Sai ya ce, "Sha, ka ɓata mini na biyu ke nan."

Yanzu ga yadda na yi masa sakayya.

Yana da jika, ɗan babban ɗansa, wanda ya yi shekaru a ƙasar Sifen yana aikin gonar inabi. Da ya dawo, da gemunsa da komi, muna zaune a zaure yana ba mu labari, sai ya kawo zancen wurin da ya yi aikin wanke ganguna. Ya ce mutanen can suna matse jan inabi su yi giya, su zuba cikin manyan gangunan katako, su jera su a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, su bar su shekaru. Ya rantse bai taɓa kai ta bakinsa ba, amma ya ce ƙamshin ko ba ka so sai ya same ka, kamar hayaƙin itace da sabuwar fata da busasshen dabino a haɗe, launin kuma ja ne har ya koma baƙi-baƙi. Ya ce akwai wani tsoho mai ɗingishi da aikinsa kawai ya zuƙo kaɗan, ya juya cikin kofi, ya duba a haske, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar, sannan ya ce wannan a sha bana, wannan kuma kada a taɓa shi sai bayan shekara goma sha biyar.

Kawu da ke gyangyaɗi ya miƙe zaune.

"Cikin gangar, suna ƙona shi?"

"Suna ƙonawa, Kaka. Har ya yi baƙi."

"Mi tsohon ke ci da safe ran da zai ɗanɗana?"

"Ban ga yana cin komi ba."

Kawu ya bugi cinyarsa ya ce, "Awo! Allah ya shirye shi, amma wanga tsoho ya san aiki. Da zai bar zaƙin nan da mun yi zumunci."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ina wurin. Amma ni in na ji magana mai daɗi ba na iya kwana da ita. Ran kasuwar Jega na kai ta majalisar mahauta, na ƙara mata gishiri. Na ce Kawu ya samo ɗan'uwansa a Sifen. Na ce ashe duk shekarun nan giyar Turawa muke sha ba mu sani ba, shi ya sa tsofaffin Kashin Zama ba su tsufa. Na kwaikwayi yadda yake rufe ido, na yi tangaɗi. Anka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Na ji daɗi ƙwarai, na sake yi a tashar mota, na sake yi a Aliero.

Maganar ta hau motocin albasa ta tafi. Da ta dawo mini daga Andarai bayan wata biyu, babu dariya a jikinta. An ce da bakinsa Kawu ya amsa giya yake yi. An ce jikan ne ya kawo masa sirrin. Masu zuwa ƙofar gida da galan sunka daina, sai dai su aiko ta hannun wani, galan cikin buhu. Ba su daina sha ba fa, gaishe shi a fili sunka daina.

Na je wurin Kawu na durƙusa, ina jiran zagi. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya daɗe yana gyara bakin wata igiya, sannan ya ce, "An yi dariya sosai?" Na ce an yi. Ya ce, "To, ba ka yi asara ba." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, shekara uku ke nan. Na bi majalisun nan ɗaya bayan ɗaya ina cewa wasa nake yi, ƙarya na yi. Ba wanda ya saurara, don gyaran magana ba ya ba da dariya.

Daga lokacin bai sake ɗora sabon turmi ba. Ɗaya ya rage, wanda ya fi ji da shi. Sassaƙensa daga wani tsohon madaci ya fito a dajin Andarai, an riga an sare shi an yi katako, ba za a sake samun irinsa ba. A buɗewar ƙarshe, da ni na riƙe masa kwanon, ya ce tunda yake bai taɓa yin mai jiki kamar wannan ba. Ya ce in ya cika goma, ko ba ya nan, a buɗe a raba wa duk wanda ya zo.

Safiyar bakwai, bayan an yi addu'a an raba waina, babban ɗan ya sa anka fito da turmin tsakar zaure. Taubashina ne, ɗan kawu da ɗan gwaggo, tun muna yara ba mu magana sai da tsiya. Babban ɗan kasuwar albasa ne, kuma ba zan ce mugu ne ba. Shekara uku ana kiransa ɗan mai gangar giya a bayan idonsa, wani lokaci a gabansa.

Na ce, "Taubashi, ka bar shi ya cika. Damina ɗaya ta rage."

Ya ce, "Kai ne za ka ce mini in bari? Kai?"

"Ni ne. Na yi ƙarya, na faɗa a gaban kowa. Ka san ubanka."

"Na san shi. Su ne ba su san shi ba, kuma da su nake zaune. In na bar turmin nan shekara guda, shekara guda za a yi ana cewa mun gaji abin. A zubar kowa ya gani, a bar tsoho ya kwanta."

"In ka zubar ka amsa musu ke nan."

"To kai ka hana su. Ga su nan."

Na juya na dubi zauren. Mutum ya fi arba'in, kuma na rantse da wanda ya karɓi ran Kawu, waɗanda ba su taɓa shan tsimin nan ba ba su kai yatsun hannuna ɗaya ba. Na ce, "Jama'a, wanda ya taɓa sha ya bugu ya faɗa. Wanda kuma ya sha ya ji sauƙin bayansa, shi ma ya faɗa." Mahaucin nan ya shiga gyaran hula. Direban ya duba wayarsa. Akwai wani malami a wurin da na sha kai masa galan da hannuna, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri kamar ana binsa. Jikan ya buɗe baki, ubansa ya dube shi, ya rufe.

Sai na yi irin wautata. Na fasa yumɓun, na ɗauki ƙwarya babba na cika ta, na ce to ku gani. Na kafa kai.

Ba zan iya faɗinsa yadda Kawu zai faɗa ba. Ya cika baki da nauyi kamar kunu, alhali ruwa ne. Cizon nan na madaci ya kwanta, ya koma wani ɗumi da ke bi ta maƙogwaro a hankali. Bayan na haɗiye sai hayaƙin ƙirya ya taso, bayansa wani abu kamar ƙasar fadama in an yi ruwan farko. Ya daɗe bai tafi ba. Na tsaya da ƙwarya a hannu, na manta abin da ya sa na sha.

Da na tuna, na ajiye ta, na bi bakin tabarma ƙafa bayan ƙafa ban kauce ba. Na tsaya da ƙafa ɗaya, ni da ciwon baya. Na karanta ƙananan surori uku ban yi tuntuɓe ba. Na ce, "Kun ga maye?"

Wani daga baya ya ce, "Wanga ai ko ruwan randa ya sha haka yake."

Anka kwashe da dariya. A zaman makokin Kawu, ranar bakwai, anka yi dariya, kuma ni na ba da ita. Shekara sittin ina tara wannan suna, ranar da nake buƙatar a yarda da ni ya tashi ya tsaya a gabana.

Taubashina ya ce a ɗauka. Mutum biyu sunka kinkimi turmin zuwa gefen katanga, shi da kansa ya karkata shi. Ya zubo ja mai duhu, ya bi ta ƙarƙashin takalmansa, ƙasa tana sha. Ƙamshin ya cika zauren da ƙofar gida. Na ga tsofaffin nan suna jan numfashi a ɓoye, hancinsu na buɗewa, bakinsu a rufe.

Ya kusa ƙarewa sai murya ta fito daga bayan katanga, ta cikin gida. Matar Kawu ce, uwar taubashina, tana cikin takaba, tsohuwar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Ni na sha! Shekara hamsin da ɗoriya ina sha. Da cikin kowane ɗa na sha, har da kai mai zubarwa. In giya ce, to da ita anka yi ka."

Taubashina ya saki turmin, ya tsaya yana duban ƙafafunsa. Can sai mahaucin ya yi tari ya ce shi ma dai gaskiya ya ɗan taɓa, kuma bai ji komi ba sai alheri. Direban ya ce ai kowa ya san marigayi mutumin kirki ne. Malamin ya ɗago kai ya fara bayanin cewa abin da ba ya sa maye babu laifi a cikinsa, ya kawo hujjoji masu kyau ƙwarai. Duk yana da su ashe, a aljihu. Kafin azahar babu wanda bai taɓa shan tsimin Kawu ba, babu kuma wanda ya taɓa yarda da waccan magana. Da ɗaya daga cikinsu ya yi wannan tarin kafin a karkata turmin, da yanzu yana tsaye a kusurwarsa. Da ya yi shi shekara uku da sunka wuce, da Kawu ya ji da kunnensa.

Ban sa sunan kowa a takardar nan ba, kowa ya san kansa. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya sa haƙurin da ya yi da mu ya tsaya masa a can, don mu ba mu tsaya masa a nan ba.

Da la'asar, mutane sun watse, tsohuwar ta aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofarta, tana zaune kan tabarma ta ba ni gefe.

Ta ce, "Kai kaɗai ka sha. Ya ka ji shi?"

Na faɗa mata duk abin da na ji, da nauyin da ɗumin da hayaƙin. Na ce amma can a ƙarshe akwai ɗan ɗaci da bai gama zama ba, kaɗan ne, sai ka jira kafin ka ji shi.

Ta share ido da bakin mayafi.

Ta ce, "To. Tashi ka ba ni wuri. Kai ma ban yafe maka ba tukuna."